Daga Bakin Kogi Zuwa Ɗakin Amarya

To, kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, kuma kowaccenmu ta san abin da ke biye da kaka a ƙasarmu, watau bukukuwan aure. Saboda haka yau zancenmu a kan kayan ɗaki ne, musamman gado da kabad da kujeru, da irin adon da ya kamata a yi musu. Zan yi misali da Birnin Kudu da Gwaram domin can na fi sani, amma maganar ta shafi kowace uwa da ke da 'ya a gabanta.

Abin Da Na Gani Wurin Jere

Kwanakin baya na halarci jere har sau uku cikin wata guda, biyu a Birnin Kudu, ɗaya a wani ƙauye na ƙasar Gwaram. Wallahi da a ce an rufe mini ido an ɗauke ni daga wannan ɗaki zuwa wancan, da ba zan gane an sake gida ba. Gado iri ɗaya, madubi iri ɗaya, sif iri ɗaya, duk an kwaikwayo su daga hoton da aka nuna wa kafinta a waya, wai na Turkiyya ko na Dubai. Kyau kam akwai kyau, sai walƙiya suke yi. Amma da na leƙa bayan sif ɗin na ƙwanƙwasa, sai na tarar duk irin katakon nan ne da kafintoci ke kira MDF, wanda garin icce ne aka kwaɓa da gam, aka danne shi da inji ya zama allo, kana aka lulluɓe shi da leda mai ƙyalli.

Na san halin wannan katako, domin ya taɓa gidanmu. 'Yar ƙanwata aka yi wa irinsa. Uwarta ta sayar da awakinta, ta kwashi adashi biyu, ta ci bashin da har yau ba ta gama biya ba. Damina ta biyu ruwa ya shigo ɗakin yarinyar da dare, bai ma kai idon sawu ba, amma kafin mako ya zagayo gindin sif ya kumbura kamar gurasar da aka tsoma a miya, ƙofofi suka ƙi rufuwa, gado ya soma sukuya. A ɗakin kuwa akwai wata 'yar kujerar tsugunno ta kakarmu, wadda wani masassaƙi ya fafe daga icce guda tun ba a haife ni ba. Ita ma ta kwana cikin ruwan, aka shanya ta a inuwa, ga ta nan ana zama a kanta ana tuƙa tuwo. A gefenta akwai wani zane na 'yan bakuna jere bisa jere, kowanne ya hau kan na ƙasa da shi, wanda muna yara kakarmu kan ce mana ɓawon karfasa ne. Wannan kujera ita ta sa ni tunanin da na kawo muku yau.

Kada mu manta, kayan ɗaki dukiyar mace ce. Su ne abin da take cewa nata a gidan miji, su take ɗagawa ta sayar ran da ta ɓaci, su kuma take rage wa 'yarta idan lokaci ya yi. Uwayenmu da suka tara tasoshin tagulla da kwanonin samira da gadon ƙarfe mai rumfa, ajiya suka yi. To, kayan da ba za su ga damina uku ba, yaya za a kira su ajiya? Wanda ya ga ambaliyar da aka yi a Jihar Jigawa cikin 2022, da wadda ta sake biyowa a 2024, ya san wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Mu Da Teku

A ƙasashen da ke bakin teku akwai masu sana'ar katako da ke ɗauko fasalin kayansu daga halittun ruwa. Sai ki ga jingina ta kujera an buɗe ta kamar ɓawon katantanwa, ko ƙafar tebur an lanƙwasa ta kamar igiyar ruwa. A Dimashƙa da Alƙahira an shekara ɗaruruwa ana yanka ɓawon wata katantanwar teku mai walƙiya, wanda Larabawa ke kira sadaf, ana dasa shi cikin katako a yi akwatuna da kujeru da tebura. Alhazanmu da yawa sun sha sayo 'yan ƙananan akwatunan nan tsaraba.

Wata za ta ce, mu ina ruwanmu da teku, alhali daga nan zuwa Ikko ya fi kilomita 1,000 a mota? To, 'yar'uwa, teku ta daɗe da shigowa ɗakin Bahaushiya, ba mu dai lura ba ne. Dubi wuri. Wuri ɓawon wata 'yar halitta ce ta teku, kuma mafi yawan wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldif ya fito, can cikin Tekun Indiya. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ga ana tara shi a waɗannan tsibirai, daga baya kuma ya zo ya tarar ana saye da sayarwa da shi a ƙasar Mali wajen 1352. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Sa'ad da Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canja dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Wuri 20,000 shi ne keso guda. Sai a 1904 Turawa suka hana shigo da shi, sannu a hankali kwabo da sule suka maye gurbinsa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, shi ya sa har gobe muke cewa wuri na gugar wuri. Da ya daina zama abin ciniki bai bar hannun mata ba, ya koma adon faifai da ƙwarya da kitson yara.

Haka nan murjani. Murjanin asali wata halitta ce da ke tsirowa a ƙarƙashin teku kamar reshen icce, ana ciro ja daga Bahar Rum, fataken Tarabulus da Gadamas su ƙetaro Sahara da shi zuwa Kano. Sunansa ya zo a cikin Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Ashe ke nan wuyan amaryar da da faifanta duka suna ɗauke da kayan teku, tun ba a san mota ba.

Koginmu Ya Ishe Mu

Amma ba sai mun je da nisa ba. Kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram, wanda ake kira Bunga, daga duwatsun wajen Jos ya taso, ya biyo ta ƙasar Bauchi, ya wuce Jama'are inda ya ɗauki sunan garin, sa'an nan ya haɗu da kogin Haɗeja wajen Gashuwa su zama kogin Yobe, su zuba a Tafkin Cadi. Watau ruwanmu ba ya zuwa teku ko kaɗan, a nan cikin ƙasa yake ƙarewa. Duk da haka abin da Allah ya zuba a kogunan wannan yanki da fadamunsa na halitta ya ishi mai ido kallo.

Ke da kike gyara kifi da hannunki kin fi kowane kafinta sanin siffarsa. Kin san yadda ɓawon karfasa ya jeru, kowane ya rufe rabin ɗan'uwansa. Kin san tarwaɗa ba ta da ɓawo, santsi gare ta da dogon gashin baki. Kin san ɗigo-ɗigon jikin ƙurungu, da yadda ƙaya ke fita daga ƙashin baya biyu-biyu, dama da hagu. Ga gaiwa, wadda in ruwa ya janye takan shige cikin laka ta naɗe jikinta ta yi ta jira har damina ta dawo. Ga bayan kififfiya mai gida-gida, ga ganyen bado shimfiɗe a kan tafki kamar faifai, ga idon koma da na taru a hannun masunta, ga kuma layin da ruwa ke bari a kan yashi bayan ya wuce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zane ne gamamme, ba wanda zai ce ki biya shi kafin ki ɗauka.

Zana abin da mutum ke rayuwa da shi kuwa tsohon abu ne a wannan ƙasa. A Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu a jikin dutse wanda mutanen da suka yi, har da irin shanun da ba su da tozo. Labarinsu ya bazu a duniya cikin shekarun 1950, sa'ad da Bernard Fagg na ma'aikatar kayan tarihi ya yi bincike a kansu, tare da duwatsun nan masu amo kamar kuge in an buga su. Har an rubuta cewa a da amaren garin kan ziyarci wajen duwatsun lokacin bikinsu. Waɗancan mutane makiyaya ne, suka zana shanu. Ba su aika wata ƙasa a kawo musu abin zanawa ba.

Ga kuma misali daga 'yar'uwarmu mace. Ki ɗauko takardar naira 20 ki juya bayanta, za ki ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Wannan baiwar Allah 'yar ƙauyen Kwali ce a ƙasar Gwari, ta koyi ginin tukwane a gida, ta shiga makarantar tukwane ta Abuja ta da, watau Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Abin da take zanawa a jikin tulunanta shi ne kifi da kada da ƙadangare da kunama da tsuntsu, abubuwan da ta tashi tana gani. Da su aka san ta har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. Da ta tsaya kwaikwayon tangaran ɗin Turawa, da yau ba wanda zai tuna da ita.

Maganar Addini

Na san abin da ke ran da yawa daga cikinku, kuma daidai ne a yi tambayar. Mu Musulmi ne, ba ma son a shigo mana da gunki ɗaki. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa abin da aka hana shi ne sassaƙa cikakkiyar siffar abu mai rai, mai jiki da inuwa. Zane a shafe wanda ba shi da inuwa akwai maganganun malamai a kansa, da yawa sun ce barinsa ya fi. Amma itatuwa da furanni da abin da ba shi da rai, ba laifi. Ya zo a hadisi cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas da tambaya, ya ba shi shawarar in ba makawa ya riƙa zana itace da abin da ba shi da rai.

Saboda haka ba ina cewa a sassaƙa miki tarwaɗa da ido da baki a kan gado ba ne. Abin da za a ɗauka shi ne tsarin da ke jikin halittar, kamar jerin ɓawo, da ƙaya, da idon koma, da igiyar ruwa, da ganyen bado. Haka masu ɗinkin babbar riga da magina masu adon soro suka yi tun da, suka ɗauki tsari suka bar siffa. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta tambayi malamarta ta Islamiyya kafin ta ba da aiki.

Akwai kuma masu ƙyamar wuri saboda 'yan duba da 'yan bori na aiki da shi. Gaskiya ne suna yi. Amma wurin da kakanninmu suka sayi hatsi da shi, suka biya sadaki, suka fitar da zakka, ba zai zama abin tsoro don wani ya ɓata nasa ba. In dai gidan da za a kai yarinyar ba sa so, a bar shi, zaman lafiyarta ya fi ado.

Zane Da Inda Ya Dace

Ga kaɗan daga cikin abin da na ga zai yi kyau, kowace sai ta ƙara da nata.

Na farko, ɓawon karfasa. Ya dace da allon kan gado. A jera 'yan bakunan layi biyar ko bakwai daga sama, a bar sauran allon fili. In aka cika shi duka, ido zai gaji.

Na biyu, ƙayar kifi. Wannan ba ya bukatar sassaƙa ma. Kafinta zai yanka siraran katako ya jera su a karkace, dama da hagu, a fuskar ƙofar kabad ko saman tebur. Amfaninsa shi ne guntayen katakon da ake zubarwa su ake yin sa da su, don haka bai kamata ya yi tsada ba.

Na uku, idon koma. A yi shi a ƙofar kabad ɗin kwanuka ko na abinci, a saƙa siraran katako a gicciye a bar ƙofofi. Ado ne, kuma iska na shiga, kaya ba sa yin fumfuna da damina. In na abinci ne, a sa raga ta ciki saboda ƙuda da kyankyaso.

Na huɗu, igiyar ruwa. Ta dace da gefen madubi da bakin kanta, layi biyu ko uku masu tafiya tare.

Na biyar, ganyen bado. Shi ne fasalin 'yar teburin shayi ko kujerar tsugunno, zagayayye da 'yar tsaga guda a gefe. Ba shi da kusurwar da za ta fasa wa mai rarrafe goshi.

Na shida, wuri. A fafe siririn rami a katako a dasa shi ciki da gam mai ƙarfi, layi ɗaya tak, a can sama inda hannun yaro ba ya kai. Yara na cusa wuri a hanci, suna kuma haɗiye shi, don haka kada a sa shi a kujera ko ƙafar gado. A kula kuma, akwai na roba a kasuwa. Na gaske ya fi nauyi, yana da sanyi a hannu, in kin haɗa biyu za ki ji ƙara kamar ta tangaran.

Kowane zane aka zaɓa, kada a yi shi da zurfi. Mu ƙasar hunturu ce, rami mai zurfi gidan ƙura ne, amarya za ta gaji da sakace shi da tsinke ta ƙyale. Zurfin rabin santimita ya isa, yadda tsumma zai share shi tashi ɗaya.

Wane Icce?

Ado a kan ruɓaɓɓen katako ɓarnar kuɗi ce, don haka a fara da icce. Maɗaci ja ne, yana karɓar sassaƙa, yana kuma daɗewa. Kawo ya fi shi nauyi da ƙarfi, ya dace da ƙafafu da ginshiƙan gado. Ƙirya ita ce ta turmi da taɓarya, tauri gare ta ƙwarai, ta yi kyau da kujerar tsugunno. Maje yana da sauƙin fafewa amma ƙwaro na son sa, sai an yi masa magani. Malaina fara ce marar nauyi, tana da sauƙin kuɗi da sauƙin zane, ta isa a yi ƙofofi da allon gado. Darbejiya kuwa, wadda aka kawo mana daga Indiya zamanin Turawa, dangin maɗaci ce, gara ba ta cika son ta ba, ga ta kuma ko'ina a garuruwanmu. Mutane na raina ta don sun saba ganin ta a bakin titi, alhali in ta tsufa ta bushe sosai tana yin kaya masu kyau.

Sai madobiya. Icce ne mai kyan gaske, amma kyansa ya jawo masa. An yi ta sare shi a dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da namu, ana lodawa zuwa ƙasar Sin domin yin kayan ɗaki masu tsada, har ta kai an sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke tsare cinikinsu tun daga 2017, a 2022 kuma aka dakatar da fitar da shi daga ƙasashen da yake tsirowa. Mu mata mu ne muka fi kowa sanin zafin ƙarewar daji, domin mu ke neman itacen girki. Shawarata ita ce duk gidan da aka sare icce don gadon 'yarsu, su dasa biyu a madadinsa. Uwar da ta dasa maɗaci ko darbejiya ran sunan 'yarta, ta fara tanadin gadon jikarta ke nan.

Babban abin lura shi ne bushewa. Katakon da aka kawo daga Kudu, irin wanda ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, sau da yawa da sauran danshi a jikinsa. In aka yi aiki da shi haka, hunturu na busawa sai ya tsuke, ya tsage, haɗin ya saki. Ɗanyen katako ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, in an ƙwanƙwasa shi ƙararsa a dushe take. Busasshe kuwa amo gare shi. In da hali, a sayi katakon tun da wuri a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin allo da allo, ya sha iska wata biyu ko uku.

Yadda Za A Yi Da Kafinta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin rigimar da ake yi da kafintoci daga ƙurewar lokaci take tasowa, a ba mutum aiki saura mako uku biki, ya haɗa da ƙusa da gam ya fesa fenti, a kwasa da ɗanyen wari. A ba da aiki saura wata uku ko huɗu.

Ki tafi da maigida ko wani babba namiji na gida, amma ki tafi da kanki, domin ke kika san abin da kike so, kuma zuwa da kai ya fi aike. Ki zana abin a takarda, ko ki sa yarinyar ta zana, tun da ita za ta zauna da shi. In bai gane ba, ki kai masa faifai ko ƙwaryar da ke da irin zanen. Ki ce masa, Malam, a fara yi mini gwaji a guntun katako in gani. Kafintan kirki ba zai ƙi ba.

Ba kowane kafinta ne ya iya sassaƙa ba, kuma ba kowane masassaƙi ne ya iya haɗa kabad ba. Masu fafe turmi da akushi da kujera da gizago suna nan, ana ganin kayansu a kasuwar Sara da ta Birnin Kudu da sauran kasuwannin ƙauye, sana'arsu na ja da baya tun da roba ta cika gari. Ba abin da zai hana kafinta ya haɗa gado, masassaƙi ya yi masa ado. Kin ga an taimaki gida biyu.

Sa'an nan a yi sharaɗi a kan waɗannan. Ƙafafun gado da na kabad su tashi daga ƙasa kamar inci 6, kuma su zama na icce mai ƙarfi, domin ruwa ya wuce ta ƙasa, tsintsiya ma ta shiga. Haɗin ya zama irin wanda ake fafe rami a cusa harshen katako ciki, kada a dogara da ƙusa kaɗai. Gado ya zama mai kwancewa da noti, yadda in ruwa ya taso cikin dare mutum biyu za su iya fitar da shi. Dogon sif a ɗaure shi da bango, saboda yara na hawa durowa ya rikito musu. A shafa mai ko fenti marar launi wanda zai bar jijiyar iccen ta fito, a shafa har ƙarƙashi da baya, inda gara da danshi ke farawa. In za a rage kuɗi, a sa filawud a baya da cikin durowa, ya fi MDF jure ruwa nesa ba kusa ba. In kina shakkar abin da aka ba ki, ki dubi ramin noti ko gefen da ba a rufe ba. Icce na da jijiya, MDF kuwa gari ne dunƙule.

Kada a biya kuɗi duka a farko. A ba da na katako, a rubuta sauran a takarda da ranar gamawa da sunan iccen da aka yi alkawari, a gaban shaidu biyu. Wannan ba rashin yarda ba ne, tun ran gini ran zane.

Ba zan ɓoye muku ba, katakon gaske ya fi tsada. Amma araha ba ta ado, kuma ba dole ne a cika ɗaki rana ɗaya ba. Gado mai kyau da kabad guda da kujeru biyu waɗanda za su shekara talatin sun fi seti bakwai da za a zubar kafin a yaye ɗan fari. Gasar da muke yi wa juna wurin jere, wance ta yi wa 'yarta kaza ni ma sai na yi, ita ke jefa uwaye cikin bashi, ita ke sa wasu 'yan mata zama a gida an rasa na kayan ɗaki. 'Yan kallo kuwa da sun ci tuwon biki sun watse, ba mai dawowa ya taya ki biya.

Namu Hannun

A ƙarshe, kada mu bar wa maza aikin duka. Faifai da tabarmar kaba da zanen gado da rigar matashi da labule, duk a hannunmu suke. In allon gado na da ɓawon karfasa, sai a ɗinka irinsa a bakin zanen gado, a saƙa faifai mai idon koma a rataya a bango, ɗaki ya tafi da murya ɗaya. Yarinyar da ta iya zanen lalle ta iya zana wa kafinta fasali, kuma wadda ta ƙware tana iya mayar da shi sana'a tana daga cikin gidanta, ta zana a takarda a biya ta. Ƙungiyoyin mata da makarantun koyon sana'a na ƙananan hukumominmu ya kamata su duba wannan.

Ni dai na riga na kai kujerar kakarmu wurin wani masassaƙi ya auna ta, zai yi wa 'yar autata irinta da ƙirya, da zanen nan nata na gefe. Wadda ke da tsohuwar kujera ko akushi ko ƙwarya mai zanen da ya danganci ruwa, ta rubuto mana ta gaya mana sunan zanen a garinsu da wanda ya yi shi, za mu buga a wannan fili domin kowa ta ƙaru.

Allah ya ba 'ya'yanmu mazaje nagari, ya sa ɗakin da za mu kai su ya zama na zama ne har abada, ya kuma rufa wa uwaye asiri.